Kurakuran lissafi da ke kama har masu kaifin ƙwaƙwalwa

Wani maƙwabcina mai shago ya taɓa ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin wani kaya. Da ya ga ba a saye, sai ya ce bari ya rage kashi 50 ɗin, kaya ya koma kuɗinsa na da. Kayan na naira 10,000 ne. Ƙarin ya kai shi 15,000, ragin kuma ya dawo da shi 7,500, domin rabin 15,000 aka cire, ba rabin 10,000 ba. Mutumin nan da ka yake haɗa maka canji kafin ka ciro waya daga aljihu. Abin da ya kayar da shi kawai bai tambayi kansa ba: kashi 50 na me?

Wannan tambaya ita ce maganin yawancin rigimar kaso. Wanda jarinsa ya karye da kashi 50, sai ya ci ribar kashi 100 kafin ya koma inda yake. Wanda ya sari kaya 8,000 ya sayar 10,000, ribarsa kashi 25 ce in an auna da kuɗin sari, kashi 20 in an auna da kuɗin sayarwa. Shi ya sa za ka ga mai jari da mai juya kuɗin suna ta musu alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa. Tun kafin a fara harka, a tsayar da kuɗin da za a riƙa aunawa da shi.

Wanda ya fi damuna shi ne na hauhawar farashi. A ji a rediyo an ce ta ragu, sai kowa ya ce ƙarya ne, ga kasuwa nan a zo a gani. Mu ɗauki misali: bara hauhawar kashi 30 ce, bana ta sauko 20. Buhun da yake 100,000 ya zama 130,000 bara, bana kuma ya zama 156,000. Adadin ya ragu, buhu ya ƙara tsada, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Mota ce ta rage gudu, ba ta tsaya ba, balle ta yi baya.

Sai batun sa'a. Mace ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere, sai ka ji dangi na cewa ai na biyar namiji ne, lokacinsa ya yi. Allah ne mai bayarwa, amma a lissafi ciki na biyar bai san abin da huɗun farko suka kasance ba, damar tana nan kusan rabi da rabi. A gidan caca na Monte Carlo, ranar 18 ga Agusta 1913, a wasan rulet, wanda ake jefa ɗan ƙwallo a kan faifai mai juyawa da ke da gurabe ja da baƙi, ƙwallon ya faɗa gurbin baƙi sau 26 a jere. 'Yan caca suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, wai dole ya fito yanzu, suka yi asarar dukiya mai yawa. Hanyar gane wannan tarko ita ce ka duba ko abin da ya wuce yana taɓa abin da ke tafe. In kana zaro goro daga kwarya mai fari biyar da ja biyar ba ka mayarwa, to kowane farin da ya fita yana ƙara damar ja. In kuwa kana mayarwa kana gauraya, kowane zarowa sabon farawa ne.

Ga wani da ke ba ɗalibai mamaki. Mutum nawa za a tara kafin damar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta wuce rabi? Yawanci kan ce 183, wato rabin kwanakin shekara. Amsar 23 ce. Kuskuren shi ne kowa kansa yake aunawa da sauran, alhali kowane mutum biyu a ɗakin ake dubawa, kuma mutum 23 suna ba da haɗi 253. In an kai 70, damar ta kai kashi 99.9. A wajenmu, inda aka rubuta wa dattawa da dama 1 ga Janairu a takarda don ba a riƙe ranar ba, ai gwajin ma ba sai an kai 23 ba.

A ɓangaren kwamfuta, an sha zargin masu sayar da filash a banza. Ka sayi mai 64GB, ka sa a Windows ta nuna maka kusan 59.6. Kamfani da 1,000 yake ƙirge, Windows kuma da 1,024, abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu. Jabu na nan a kasuwa, amma ba wannan giɓin ne alamarsa ba. Haka ƙaramin b da babban B: Mb megabit ne, MB megabait, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya. Intanet mai gudun 8Mbps, wato megabit 8 a daƙiƙa, 1MB take saukewa a daƙiƙa in komai ya tafi daidai.

Masu koyon rubuta manhaja kuma su gwada 0.1 + 0.2 a harshen rubuta manhaja na Python ko JavaScript. Amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ta ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333 har abada a namu, sai a datse ta. Ɗan guntun da aka datse yana taruwa. A watan Fabrairu 1991, agogon na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a Dhahran ta Saudiyya ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa bayan awa 100 tana aiki, saboda irin wannan datsewa. Ta kasa tare makamin Scud, sojojin Amurka 28 suka mutu. Don haka in manhajar kuɗi kake rubutawa, ko ta adashe ce ko ta shago, ka ajiye komai a kwabo, cikakkiyar lamba. Naira 1,250.50 ta zama 125050, sai lokacin nuna wa mai amfani ka raba da 100.