Yadda Za Ka Tantance Labarin Guguwar Rana da Duwatsun Sama Kafin Ka Tura wa Wani

A watan Mayun 2024 gwaggona da ke Tudun Wada ta kira ni da sassafe, muryarta na rawa, ta ce an turo mata saƙon murya cewa rana ta fashe kuma duniya ta zo ƙarshe. "Ɗana, gaskiya ne?" Na ce mata, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, zan bincika in kira ki." Ta kwana ba ta runtsa ba, ga ta da hawan jini, kuma wannan ne ya sa nake ganin wajibi ne mu koyi auna irin waɗannan labarai kafin su fita daga wayoyinmu.

Abu na farko shi ne ka raba tambaya biyu da masu saƙon ke cakuɗawa. Lokacin tashin alƙiyama gaibu ne, kuma Suratul A'araf aya ta 187 ta bayyana cewa saninsa yana wurin Allah Shi kaɗai. Duk saƙon da ya yanka maka rana da wata ya riga ya ƙaryata kansa, kamar yadda aka yi ta yayata 21 ga Disamban 2012 har ranar ta zo ta wuce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Tambaya ta biyu kuwa, wato ko wani abu daga sama zai yi ɓarna a wuri kaza, ita ce masana ke iya lissafawa, kuma a kanta za ka yi bincikenka.

Idan saƙon na maganar rana ne, ka sani cewa tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda baƙaƙen tabo ke yawaita a fuskarta sannan su ragu. Zagayen da muke ciki, na 25 a ƙidayar masana, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 aka sanar cewa ya kai ganiyarsa. A irin wannan lokaci rana kan watso tururin burbushi masu cajin lantarki, wato abin da ke jawo guguwar rana, waɗanda ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin su ratso kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da ita, kuma idan sun iso garkuwar maganaɗisun duniya da iskar da ta lulluɓe mu ne ke tare su. Abin da ke shan wahala shi ne na'urori. A Satumban 1859 guguwar da ta fi kowace ƙarfi a tarihin da aka rubuta ta hargitsa wayar tangaraho. A Maris 1989 lardin Kwibek na Kanada ya yi awa 9 babu lantarki. A Fabrairun 2022 kamfanin Starlink ya yi asarar taurarin ɗan'adam kusan 40. Wadda ta tsorata gwaggona ta kai mataki na 5, mafi girma a ma'aunin hukumar NOAA mai kula da yanayi ta Amurka, amma abin da aka gani shi ne hasken launuka a sararin ƙasashe da dama da rikicewar GPS a motocin noma. Saboda haka ka nemi matakin guguwar a shafin hukumar, daga 1 zuwa 5, kuma kada ka yarda da mai cewa zafin bazara daga nan yake: a Afrilu rana ke tsayawa daidai kan Zariya kafin damina ta sauka. Ko da hazon hunturu ya mai da ita kamar farin faifai, kada ka ƙura mata ido don neman tabon, domin tana iya ƙona ganinka ba tare da ka ji zafi ba.

Idan kuwa maganar dutsen da ke yawo a sararin samaniya ce, abubuwa uku za ka nema: girmansa, nisan da zai wuce, da sunan da aka yi masa rajista. Saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu bai cancanci lokacinka ba. Kalmar "kusa" ce ta fi ruɗar mutane, domin masana na sa dutse a jerin waɗanda ake sa wa ido idan faɗinsa ya kai mita 140 kuma hanyarsa na iya kusantar ta duniya da kilomita miliyan 7.5, alhali wata yana nisan kilomita 384,400 ne kawai. Dutsen da jarida ta ce ya "gifta kusa" yana iya zama ya ninka nisan wata sau goma sha.

Ba na cewa babu haɗari. A 15 ga Fabrairun 2013 dutse mai faɗin kusan mita 20 ya tarwatse a saman Celyabinsk ta Rasha, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga fasassun gilasan taga da suka je leƙawa. Mu ma abin ya taɓa faɗowa a maƙwabtanmu: a 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta lardin Katsina, daga baya bincike ya nuna cewa daga duniyar Mas ya taso. Ƙananan suna faɗowa a kai a kai, manya kuma tazararsu na da tsawo ƙwarai.

Sannan ka duba kwanan watan labarin, domin lissafi na canzawa yayin da ake ƙara hango dutsen. Wanda ake kira 2024 YR4 ya kai kashi 3.1 cikin ɗari na yiwuwar faɗowa a 2032, amma kafin Fabrairun 2025 ya ƙare adadin ya sauka kusan sifili, duk da haka tsofaffin bidiyoyinsa na ci gaba da yawo a WhatsApp. Ka kuma sani cewa a Satumban 2022 hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka ta kara wa dutsen Dimorfos kumbo da gangan, ta gajarta zagayen da yake yi wa wani dutse da kimanin minti 32, abin da ya nuna ana iya karkatar da dutse idan an gano shi da wuri.

Gwaji mafi girma yana tafe ranar Juma'a, 13 ga Afrilun 2029, lokacin da dutsen Afofis mai faɗin kusan mita 340 zai wuce kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda wasu taurarin ɗan'adam ke shawagi. Tun 2021 awon na'urar rada ya tabbatar ba zai bugi duniya ba cikin shekara 100 masu zuwa. Saƙonnin tsoro za su fara tun kafin lokacin, don haka ka yi wa tsofaffin gidanku bayani da wuri. A daren kuma, idan gari ya yi garau, ka ɗebi yara bayan isha'i ku fita wajen gari, kamar can bayan Shika ga mu na Zariya, inda hasken fitilu bai kai ba, domin Afirka na cikin wuraren da za a gan shi da ido, yana tafiya a hankali tsakanin taurari.