Yadda ake kwatanta abubuwa da nuna fifiko a Sifaniyanci

Idan Bahaushe zai kwatanta abu biyu, aikatau "fi" yake amfani da shi, ya ce birnin Madrid ya fi Sevilla girma. Sifaniyanci kuwa kalmomi biyu yake ɗauka, más da que, ya sanya sifa a tsakaninsu: Madrid es más grande que Sevilla. Haka ake yi idan yawan abu ake aunawa, sai dai suna ne ke shiga gurbin sifar, kamar México tiene más habitantes que España, wato Meziko ta fi Sifaniya yawan jama'a. Idan kasawa ake nufi, sai a sa menos a maimakon más.

Inda Hausa ke cewa wane ya kai wane tsawo, Sifaniyanci na cewa tan alto como. Amma idan suna ne ya biyo, tan yakan koma tanto, kuma dole ya dace da sunan a jinsi da adadi: tanta paciencia, tantos libros, tantas casas. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, ko da yake mai jin Hausa ya riga ya saba da bambanta namiji da mace a sunaye.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a kiyaye. Kafin lamba ana sa de ne, ba que ba, shi ya sa ake cewa más de veinte, fiye da ashirin. Wanda ya ce no tengo más que veinte kuma, ashirin kacal yake nufi.

Wasu sifofi huɗu suna da nasu siffar kwatanci: mejor daga bueno (mai kyau), peor daga malo (mara kyau), mayor daga grande (babba), menor daga pequeño (ƙarami). Kuskure ne a ce más mejor. Mayor da menor sun fi shafar shekaru, don haka mi hermana mayor na nufin yayata.

Don a nuna abin da ya fi duka, sai a fara da el, la, los ko las, gwargwadon jinsi da adadin sunan, a kawo sunan, sannan más da sifa, a rufe da de. Misali, dutsen Teide da ke tsibirin Tenerife, mai tsayi sama da mita 3,700, ana ce masa la montaña más alta de España. A lura cewa de ake sawa, ba en ba, duk da cewa hankalin mai koyo yakan karkata ga "a Sifaniya".

Ɗafa-ƙeyar -ísimo ba ta kwatanta komai da komai, ƙarfafawa kawai take yi, kamar yadda muke cewa fari fat ko baƙi ƙirin. Alto yakan zama altísimo, amma wani lokaci rubutun yakan sauya domin a kiyaye furuci: rico (mai arziki) ya koma riquísimo, largo (dogo) ya koma larguísimo, feliz (mai farin ciki) kuma felicísimo.