Yadda ake gano abin da ya sa silon mota mai kafireto ya ƙi sauka

Duk wanda na gani ya buɗe bonet saboda silo, wato gudun injin in mota tana tsaye ba a taka totur ba, ya yi sama, abin da yake fara nema sukudireba ce. Ya kama sukurun silo ya yi ta warwarewa, injin ya ɗan lafa, ya rufe bonet yana murna. Kafin ya kai Kwangila daga PZ a Zariya motar ta fara mutuwa duk inda ya taka birki, ko kuma ta koma ihunta na ɗazu. Sukurun nan ba ya juya kansa. In jiya silo lafiya lau yake yau ya hau, wani abu ne ya lalace a wani wuri, don haka sukurun shi ne na ƙarshe da za ka taɓa.

Da farko bari injin ya yi zafi sosai, ka ɗan zaga da motar kamar minti 10. Da sanyin safiya, musamman cikin hunturun Zariya, cok, murfin da ke rage wa kafireto iska in injin yana da sanyi, shi ne ke ɗaga silo da gangan, wannan ba ciwo ba ne. Injin da ya yi zafi ya kamata ya zauna tsakanin juyi 750 zuwa 900 a minti. In agogon juyin injin yana nuna 1,500 ko fiye, ko kuma giya tana ƙara in za ka sa ta ɗaya, akwai magana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, ba wanda zai so motarsa tana shan fetur a tsaye.

Sai ka cire gidan iyakilina, wato matatar iska, ka leƙa bakin kafireto. Murfin cok ya kamata ya miƙe tsaye, a buɗe gaba ɗaya. In cok na hannu ne, duba ko wayarsa tana komawa har ƙarshe. In mai aiki da kansa ne, irin na Golf 2 mai kafireton Pierburg 2E2, to zafin ruwan injin ne ke sakinsa. Nan ne al'adar cire tamosta, abin da ke tsare ruwan injin har ya yi zafi, take cutar mutane: an cire wai don kada mota ta yi zafi, ruwa ya daɗe bai ɗumama ba, kafireto yana ta zaton har yanzu asuba ce. Taɓa ƙananan tiyon ruwan da ke zuwa jikin cok ɗin. In sun yi sanyi alhali injin ya yi zafi, sun toshe da tsatsa. Ni dai a wurina mota ba ta da dalilin yawo ba tamosta, ko da a watan Afrilu ne.

Na biyu, wayar totur. Zare ta daga jikin kafireto injin yana aiki. In silo ya faɗi nan take, wayar ce ta yi tauri ko an ja ta da yawa. Ana so a bar mata ɗan sako kaɗan. Danna hannun totur ɗin da yatsa ka mayar da shi baya. In ya sauka sai da ka danna, sifirin ɗin ya gaji, ko ƙura da baƙin mai sun daskare a wurin. Leƙa ƙarƙashin feda ma, na sha ganin tabarmar ƙasa ta danne ta.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, shan iska. Injin yana zuƙar iska ta wata kafa da ba ta bi ta bakin totur ba, shi ya sa ko ka warware sukurun silo har ya daina taɓa komai, injin yana nan yana gudu. Wannan kansa gwaji ne: in sukurun ya saki gaba ɗaya injin bai mutu ba, cok da waya kuma lafiya, to galibi iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Ni a kan wata tsohuwar Fijo 504 na koyi wannan, kuma na biya kuɗin makaranta. Sati uku ina kai ta wurin wani bakanike a Sabon Gari. Ya wanke kafireto sau biyu, ya canza fulogi, daga baya ya ce in sayo kafireto na Beljiyam. Na sayo, aka ɗora, silo yana nan yadda yake. Ranar da na gaji na tsaya da kaina a ƙofar gida bayan isha'i, unguwa ta yi tsit, sai na ji wani siririn sauti, sssss, ta bayan injin. Na bi shi da hannu har na kai kan babban tiyon da ke tafiya daga manifol (bututun da ke kai iska da mai cikin injin) zuwa sabon birki (servo, gangar da ke ƙara wa birki ƙarfi). Ta sama lafiyayye ne sumul. Da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ta ƙasa, tsawon farcen babban yatsa, ta buɗe baki. Na ɗora yatsa a kai, injin ya sauka kamar an yi masa tsawa. Tiyon da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Saboda haka ga yadda nake yi yanzu. Ɗauki filaya ka matse tiyon iska ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na sabon birki, sannan ƙananan da ke zuwa distibuto da gidan iyakilina. Wanda ka matse sautin injin ya canza sosai, bi shi har ƙarshensa. Kada ka yarda da ido, lanƙwasa kowanne, zafi da ƙura suna busar da roba ta tsage ta inda ba a gani. Duba kuma ko akwai bakin bututun da aka bari a buɗe. Tsofaffin motocinmu an cire musu abubuwa da yawa, wani wurin da ashana ko guntun leda aka toshe.

In tiyo duk lafiya, koma gindin kafireto. Fesa ɗan maganin wanke kafireto a kewayen gasket ɗin ƙasa, da inda manifol ya haɗu da kan injin, da gefe biyu na sandar totur. Inda ka fesa gudun injin ya canza, nan ne kafar. Kaɗan-kaɗan ake fesawa, nesa da salansa da wayoyin fulogi, don abin yana kama wuta. Masu yi da fetur a gorar ruwa Allah ne kawai ke tsare su. A Golf, robar da kafireto ke zaune a kanta ce ta fi tsagewa: girgiza kafireton da hannu, za ka ji silo yana hawa yana sauka. In gasket ne, canza shi, kada ka shafe shi da gam, fetur yana cinye gam ɗin. Kuma kada ka ɗaure notocin da ƙarfin tsiya, gindin kafireto yana lanƙwashewa, daga nan ba gasket ɗin da zai sake kama shi. In ta sandar totur yake sha, ta yi loko ke nan, sai a sa mata bushi ko a nemi wani.

Abin da ya rage ba shi da yawa. Duba baki na biyu na kafireton ko murfinsa yana rufewa ruf, yakan maƙale da datti. Duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, in an ciyar da shi gaba da yawa silo yana hawa, kuma da fitilar taimin ake saita shi, ba da kunne ba. In tiyon distibuto an sauya masa baki, mayar da shi inda yake.

Sai yanzu za ka ɗauki sukudireba. Mayar da iyakilina tukuna. Juya sukurun mai, mai daidaita haɗin fetur da iska, a hankali har ka sami inda injin ya fi tafiya sumul, kada ka ɗaure shi har ƙarshe da ƙarfi, bakinsa yana lalacewa. Sannan ka sauke sukurun silo zuwa wajen 800. Kunna fitilu, taka birki sau biyu uku, ba ta wuta ka saki. In ta dawo wurinta kowane lokaci ba ta mutu ba, rufe bonet.