Rabawa Da Lamba Mai Waƙafi: Yadda Ake Yi Da Inda Ake Ɓata

Kafin a fara, a tantance alamar da ake gani a tsakiyar lamba. A makarantun Faransanci na Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena, kilo biyu da rabi ana rubuta shi 2,5 da waƙafi, wanda yara ke kira birgil. A Najeriya, da kuma kalkuletar wayar da aka saita da Turanci, ɗigo ake sawa: 2.5. Waƙafi a wurinsu dubbai yake rabawa. Shi ya sa farashin Yuro, wanda yake tsaye a sefa 655,957 tun 1999, ɗan kasuwar Mubi zai iya karanta shi a matsayin dubu ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai, alhali kusan sefa 656 ne kawai. A nan waƙafi za mu bi.

Matakin farko shi ne raba lamba mai waƙafi da lamba cikakkiya. A ce shinkafa ce kilo 37,5 za a kasa wa gidaje 6. Fara da ɓangaren hagu kamar babu waƙafin: 6 cikin 37 sau 6, saura 1. Yanzu ka iso kan waƙafi, to ka sa shi a cikin amsarka nan take, kafin ka sauko da lamba ta gaba. Sauko da 5, ya zama 15. 6 cikin 15 sau 2, saura 3. Lambobi sun ƙare amma akwai saura, sai ka ƙara sifili: 6 cikin 30 sau 5. Amsa 6,25, wato kowane gida kilo 6 da giram 250.

Akwai sifilin da mutane ke haɗiyewa. Gwada 6,18 raba 3. Uku cikin 6 sau 2, waƙafi, ka sauko da 1. Uku ba ya shiga cikin 1, don haka dole ka rubuta 0 a amsa kafin ka sauko da 8. Uku cikin 18 sau 6. Amsa 2,06. Mai gaggawa yana rubuta 2,6, kuma da zai ninka 2,6 sau 3 ya ga 7,8 ya fito, da ya gane ya kauce.

Idan lambar da kake rabawa da ita ce ke da waƙafi, kada ka taɓa rabawa tukuna. Kore waƙafin. Ka ninka lambobin biyu da 10, ko 100, ko 1000, gwargwadon yawan lambobin da ke bayan waƙafin mai rabawa. Dalilin da amsa ba ta canzawa sananne ne ga duk mai awo: mudu 10 a kasa wa mutum 2 daidai yake da mudu 100 a kasa wa mutum 20, kowa biyar zai samu. Sharaɗin kawai shi ne abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan.

Ga mai man gyaɗa da jarka mai lita 20, tana ɗurawa a robar ruwa mai lita 1,5. Roba nawa za ta cika? 20 raba 1,5. Lamba ɗaya ce bayan waƙafi, sai a ninka duka da 10: 200 raba 15. Sha biyar cikin 200 sau 13, saura 5. A nan ne da yawa ke zamewa, har da manya. Wannan 5 ɗin ba lita 5 ba ce. Tunda an ninka komai da 10, saurar ma ta ninku, sai a mayar da ita: 0,5, rabin lita. Duba: roba 13 sau 1,5 lita 19,5 ke nan, rabin lita ta rage a gindin jarka. Kalkuleta kuwa 13,333 za ta nuna maka, kuma wannan 333 ba saurar mai ba ce, sulusin roba ne. Sulusin lita 1,5 shi ne rabin litar nan.

Wani abin da ke rikita ɗalibai: an saba cewa rabawa tana rage abu. Hakan gaskiya ne idan mai rabawar ta wuce 1. In ta kasa 1, amsa girma take yi. Manoman auduga a yankin Garwa da kar suke lissafin gona, wato fili mai mita 50 a kowane gefe, rubu'in hekta, 0,25. Mai hekta 3,5 kar nawa gare shi? Lambobi biyu ne bayan waƙafin 0,25, sai a ninka da 100: 3,5 ya koma 350 (waƙafi ya tsallake 5, sannan a cike gurbi na biyu da sifili), 0,25 ya koma 25. 350 raba 25 ya ba da 14. Yaro zai ga 14 ta fi 3,5 ya goge, ya ce kuskure ne. A tambaye shi kar nawa ne a hekta ɗaya. In ya ce huɗu, to hekta uku da rabi fa? Da kansa zai dawo kan 14.

Amma a gaskiya, yawancin asarar da ake yi a kasuwa da a jarrabawar CEP (ta kammala firamare) ba wajen sarrafa waƙafi take ba. Wajen zaɓen aikin da za a yi ne. Tarawa da ɗebewa ba su cika wahala ba: ana haɗa abubuwa iri ɗaya, ko ana neman bambanci ko ragowa, kuma dokarsu ɗaya ce, waƙafi ya zauna a ƙarƙashin waƙafi. Rikicin yana tsakanin ninkawa da rabawa. A irin waɗannan tambayoyi abu uku ne ke yawo: jimilla, yawan kaso, da girman kaso ɗaya. Biyu za a ba ka, a nemi na uku. In jimilla ce ba a sani ba, ninka. In jimilla tana hannunka, raba ta da abin da aka ba ka.

Mu ɗauki nama. An sayi kilo 2,5 a sefa 7000, nawa ne kilo? Jimilla tana hannu, ana neman na kilo ɗaya: 70000 raba 25, sefa 2800. Wani ya zo yana son kilo 0,75 a wannan farashi: jimillar kuɗinsa ake nema, 2800 sau 0,75, sefa 2100. Ka lura ninkawa ce amma kuɗin ya ragu, domin bai kai kilo ba. Na uku ya miƙa 1400 ya ce a yanka masa na kuɗinsa: kuɗin hannunsa ne jimilla, a raba da farashin kilo, 1400 raba 2800, 0,5, rabin kilo. Wanda ya saba da cewa babba ake rabawa da ƙarama zai juya lambobin ya samu 2, ya ba da kilo biyu a kuɗin rabi.

Kada ka dogara da kalma ɗaya a cikin tambaya. "An raba wa mutum 8 sukari, kowa ya samu kilo 1,25, nawa aka raba?" Kalmar raba ta fito har sau biyu, amma jimilla ake nema: 8 sau 1,25, kilo 10. Dabara mai amfani idan kai ya ɗaure ita ce ka maye gurbin lambobin da masu sauƙi. Ka ce mutum 8, kowa kilo 1. Hankalinka zai ce 8 ba tare da ka yi tunani ba, kuma ka san ninkawa ka yi. Sai ka maimaita da lambobin gaske.

Canjin kuɗi ma haka yake. Ɗa ya turo Yuro 200 daga Faransa: kowane Yuro sefa 655,957, a ninka, sefa 131 191 da ɗoriya, kafin masu turawa su cire nasu. Kana da sefa 100 000 kana son sanin Yuro nawa ne: a raba, 152,45. Kirdado zai tsare ka: Yuro ya fi sefa daraja, don haka adadin Yuro dole ya fi ƙanƙanta. Da naira ma tambayar ita ce wanne kuɗi ne aka ɗauka a matsayin ɗaya a farashin da ɗan canji ya faɗa a ranar. Ga masu ƙirga da dala kuwa, sefa biyar-biyar, rabawa da 5 tana da gajeriyar hanya: ninka da 2, ka ja waƙafi baya taki ɗaya. Sefa 1250 sau 2, 2500, wato dala 250.

Sai abin da za a yi da wutsiyar amsa, wanda kalkuleta ba ta sani ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, kimanin mita 5,49. Tela da ke cin mita 1,2 a rigar yaro zai samu 4,575. Riga 4 ke nan, ko da wutsiyar ta wuce rabi, don ba a ɗinka rabin riga. Manomin da ke buƙatar taki kilo 215, buhu kuma kilo 50 ne, zai samu 4,3. Shi buhu 5 zai saya, ko ya sayi 4 ya cike kilo 15 a awo. Tambayar ce ke yanke hukunci ko a hau ko a sauka.

A yi hattara da awa. Waƙafi goma-goma yake tafiya, agogo kuwa sittin-sittin. Awa 2,5 awa biyu da minti 30 ne, amma awa 2,3 awa biyu da minti 18 ne, domin 0,3 sau 60 ya ba da 18. Direban da ya yi kilomita 210 a awa 3 da minti 30, 3,5 zai sa a kalkuleta, ya samu kilomita 60 a awa. In ya danna 3,30 zai ga kusan 64, gudun da motarsa ba ta yi ba.