Monkey ko ape? Ku dubi wutsiya

Jama'a, masu fassara da ɗalibai masu shirin WAEC, ga dabarar da za ta rage muku buɗe ƙamus.

In biri yana da wutsiya, ku ce monkey. In babu, ape ne.

Mu duk biri muke cewa, amma Turanci ya raba su. Gorila da cimfanzi ba su da wutsiya, kuma sun fi girman jiki, saboda haka ape ne. Jan birin da ke ɓarnar masara a gona, da doguwar wutsiyarsa, shi ne monkey.

Dabarar ba ta aiki a kan birin duwatsun Maroko da Aljeriya. Da kyar ake ganin wutsiyarsa, amma monkey ne.

Jam'insa monkeys, kada ku rubuta monkies, domin wasali ne ya gabaci y.

In kun ji monkey business, ana nufin maguɗi ko shiririta. A Ingila uwa kan kira ɗanta mai ƙiriniya cheeky monkey cikin wasa. Don Allah kada ku gwada wannan da baƙo, musamman baƙar fata. Zagin wariyar launin fata ne, kuma yana da ciwo sosai.