Yadda za ka bi sawun hayaƙin gobarar daji daga wayarka

Jama'a tunda damina ta ɗauke ciyawa ta bushe, kun san lokacin gobarar daji ya zo ke nan a wajajen Abalak da Cintabaraden da Tasara, kuma wallahi abin takaici ne wuta ta lashe kiwon shekara guda a dare ɗaya alhali tauraron ɗan adam ya ganta tun tana ƙarama, mu ne dai ba mu duba ba. Dubawar kyauta ce fa, rezo da 'yan mega kawai kake buƙata.

Ka fara rubuta NASA FIRMS a Google, shafi ne na hukumar sararin samaniyar Amurka da ke nuna inda wuta ke ci, ka buɗe taswirar ka jawo ta kan jihar Tawa. Jajayen ɗigo da za ka gani, wuraren da na'urar tauraro ta ji zafin wuta ne. Manyan na'urorin biyu ne, MODIS da VIIRS, ni dai na fi son VIIRS don ɗigonta ɗaya wajen mita 375 ne, na MODIS kuwa kilomita guda, ƙaramar wuta tana iya kuɓuce masa. Taɓa ɗigon zai ba ka lokacin da aka gan shi, sai ka ƙara awa ɗaya don agogon GMT suke amfani da shi. Kuma labarin kan makara kamar awa uku, to ka sa a ranka wutar ta riga ta yi gaba.

Shi hayaƙin kansa sai ka je NASA Worldview, nan ne hoton ƙasa yake da kalarsa ta gaskiya, kowace rana sabo. A nan mutane suka fi ruɗewa, don lokacin hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi takan rufe mu ruf, mutum ya ce hayaƙi ne. Duba kala da kyau: ƙura tana da ruwan ƙasa-ƙasa kuma shimfiɗe take ko'ina ba ta da tushe, hayaƙi kuwa toka-toka ne mai ɗan shuɗi, yana fitowa siriri daga wuri guda sannan ya buɗe kamar wutsiya. Kunna jajayen ɗigon a kan hoton, in bakin siririn ya zauna kan ɗigo to babu tantama wuta ce. Inda wutsiyar ta nufa nan iska ke kaɗawa, nan kuma wutar za ta fi gudu, a hunturu galibi kudu maso yamma. Ka leƙa Windy, shafin hasashen iska, ka ga ko iskar gobe za ta juya.

Matsa kwanan wata baya, jiya da shekaranjiya, baƙin tabon da ya fito shi ne inda ta riga ta cinye.

Gajimare ko ƙura mai kauri na iya ɓoye wuta, don haka rashin ɗigo ba ya nufin lafiya lau. In ka ga wutsiyar ta doshi wani ƙauye ko mashekarin makiyaya, ɗauki hoton allon wayarka tare da lambobin da ke nuna wurin a taswira ka tura wa jami'an gandun daji da magajin gari, sannan ka yi saƙon murya a WhatsApp da Hausa, a samu mai faɗa da Tamashek da Fulatanci ma, don da yawa daga masu dabbobin da ke can daji ba karatun taswira suke ba.