Yadda na gyara sautin ban tsoro da ya ƙi tsoratar da kowa

Matsalar ɗalibai wajen haɗa sautin ban tsoro guda ce: a cika fili da ihu, da kukan mujiya, da ganga, duk a lokaci ɗaya. Kunne ya saba, tsoro ya gudu.

Don haka na rage sautukan zuwa hawa uku. A ƙasa iskar hunturu da kukan gyare, a hankali, kusan -30 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). A tsakiya takun silifas kan yashi. A sama abu ɗaya tak, ƙarar ƙofar langa-langa da ƙarfi, a -6 dB, kuma kafin ta na bar shiru na daƙiƙa 2. Shirun nan shi ke tayar da tsigar jiki.

Gurnanin janareta ya shiga ɗaukar farko. A Audacity, manhajar gyaran sauti, na yanke gurnanin a 50 Hz da 100 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri) da Notch Filter, abin da ke cire sautin da aka zaɓa kaɗai, sauran na sake ɗauka da ƙarfe 3 na dare, kafin kiran assalatu da fitowar 'yan adaidaita sahu.

Rugugin ƙasa da 100 Hz kuwa lasifikar waya ba ta fitar da shi. Sai na ɗauki dakan turmi, na rage saurinsa da rabi, na ɗaga wajen 200 Hz, na gwada a waya kafin miƙawa.